Mai Ɗori a Asibitin Akra

Tun da na dawo ban huta da tambaya ba. A ɗakin malamai, a gidan suna, hatta mai niƙan unguwarmu sai da ya kashe inji ya ce, "Malama Zulai, wai yaya ƙasar take?" Na gaji da ba da labarin gutsi-gutsi, kowa ya ɗauki guntunsa ya ƙara masa gishiri. To ga shi daga bakina tiryan-tiryan, wanda ya ji ya faɗa wa wanda bai ji ba.

Nafi'u shi ne autanmu. Ya daɗe a Akra, babban birnin Gana, yana sana'ar tsire. Wata safiya ina cikin aji a makarantar da nake koyarwa a Dutsin-Ma, waya ta dame ni da ruri a jaka. Da na fita na ɗauka sai na ji muryar da ban sani ba. Mudi ne, abokin sana'arsa, mutumin Maraɗi. Ya ce mota ta buge Nafi'u yana tsallaka titi da buhun gawayi a ka, ƙafar dama ta karye ƙasa da gwiwa, yana asibiti, likitoci na maganar aiki.

Ana tashi makaranta maigidana ya ɗauke ni a babur muka nufi Tamawa ta Kurfi, tun da sauran rana, don yanzu ba mai son magariba ta same shi a wannan hanya. Inna ba ta yi kuka ba. Kalma ɗaya ta kama cikin duk abin da na faɗa: aiki. A wurinta in likita ya ce aiki a ƙafa, to zarto yake nufi. Nan take ta aika aka kira ƙaninta, Kawu Ɗahiru, wanda duk ƙasar Kurfi an san shi da ɗori. Gado ne, a hannun kakanmu ya karɓa.

"Ɗahiru," in ji ta, "ka tafi ka ɗauko mani ɗana da ƙafafunsa biyu. Kada ka bari su taɓa shi."

"Da yardar Allah, Yaya."

"Ke kuma Zulai ki bi shi. Ke ce mai Turanci."

Ba wanda ya tambayi ra'ayina. Na dubi maigidana, ya ɗaga kai alamar ya yarda. Fasfona na nan tun shirin Umrar da Allah bai nufa ba, na Kawu kuma tun aikin Hajjinsa, har da katin rigakafi a ciki. Washegari na nemi izini wurin hedimasta, jibi muka kama hanya.

Kayan Kawu buhu ɗaya ne. A ciki akwai kararen ɗori da ya saƙa da zare, da fararen tsummoki, da gwangwanin man da yake haɗawa da kansa, da ƙullin garin saiwoyi. Inna ta ƙara mana ƙuli-ƙuli da dakuwa, da wata ƙatuwar leda ta yajin tsire, wai a kai wa Nafi'u don na can ba ya kai na gida. Mutum na kwance da karaya, uwa na tunanin yajinsa.

Daga Dutsin-Ma muka shiga Kano, daga Kano doguwar mota zuwa Legas, wadda Kawu bai yarda ya kira da wani suna ba sai Ikko. Wurin zamana ya faɗo kusa da wata Bayarabiya mai fataucin albasa, Hausa a bakinta kamar 'yar Funtuwa. Da ta ji abin da ya fito da mu sai ta dafa gwiwata ta ce, "Ki buɗe baki a asibiti, 'yar'uwa. Mai kunya a can shi ake mantawa a baranda." Kawu kuwa rigimarsa da direba ce a kan salla. Da la'asar ta yi mota ba ta tsaya ba, sai ya miƙe tsaye a tsakiyar mota ya ɗaga murya ya kira salla. Rabin fasinjoji suka goyi bayansa, dole direba ya gangara gefen titi yana ƙunƙuni.

A Legas muka kwana a Agege gidan wani ɗan Kurfi mai sayar da hatsi. Matarsa ta yi mana tuwon shinkafa, ta ba ni ruwan zafi na gasa ƙafafuna da suka kumbura kamar an hura. Ban yi barcin kirki ba. Da asuba na kira Mudi, ya ba Nafi'u wayar. Muryarsa ta yi can ƙasa.

"Yaya, kuna ina?"

"Muna tafe. Ka ci abinci?"

"Yaya, ƙafar tana wari."

Ban gaya wa Kawu wannan ba. Na ce masa dai yana gaishe shi.

Tsakanin Legas da Akra iyaka uku ce, kowace da irin nata wulaƙancin jira. Ka sauko da kaya, ka bi layi, a buga hatimi, ka taka da ƙafa ka tsallaka, ka sake neman motarka a ɗaya gefen. Muna shiga ƙasar Benin Turancin da aka ɗauko ni dominsa ya mutu murus. Na yi wa wani ma'aikaci bayani da duk ƙwarewata, ya dube ni ya zubo mini Faransanci. Kawu ne ya cece mu. Ya hango wani mai shayi da hula irin tamu ya yi masa sallama, ashe Bazabarme ne mai jin Hausa, shi ya raka mu har aka buga mana hatimi. Kawu ya dube ni ya ce, "To, Zule, mai Turanci, sai ki riƙe mani buhu." Mai shayin ya yanko mana burodinsu dogo kamar sanda, mai ɓawo da tauri. Kawu ya gwada da haƙoran da suka rage masa, ya ce wannan sai dai a yi ɗori da shi.

A Kwatano na ga babura da ban taɓa ganin yawansu ba, masu tuƙin duk da riga iri ɗaya, mata kuma na tuƙa nasu da goyo a baya ba mai kallonsu. Togo kuwa kafin mu gama cin dakuwa an ce ta ƙare. A nan hanya ta bi bakin teku. Kawu ya daɗe yana kallo ta taga, sannan ya ce, "Duk wanga ruwa, kuma a ce ba ya shayuwa."

A iyakar ƙarshe aka buɗe buhunsa. Wani ma'aikaci ya zaro kararen yana jujjuyawa, ya buɗe gwangwanin mai ya shinshina, ya kwance ƙullin gari ya kira abokinsa. Na ga fuskokinsu sun canza. Na yi bayani cewa maganin gargajiya ne na karaya, suka ce wa ya tabbatar? Ana cikin haka ɗayan ya kai hannu kan ledar Inna, ya buɗe ya tura hanci sosai. Wanda ya san yajin Inna ya san abin da ya biyo baya. Atishawa ya yi ta yi har hularsa ta faɗi, hawaye shaɓe-shaɓe, abokan aikinsa na dariya har da dukan tebur. Garin saiwoyin dai sun riƙe, sun ce ba a shiga da shi. Sauran suka tura mana da sauri.

Mun shiga Akra da hantsi. Abin da ya fara ɗaure wa Kawu kai hotunan mutane ne manya-manya a jikin bango da kan titi. Ya ce, "Su ma zaɓe ya matso ke nan." Na karanta na ce masa ba 'yan takara ba ne, mamata ne, ana gayyatar jana'iza. Wata gawar sai ta yi watanni a firji ana shiri, ranar binnewa a yi anko da kaɗe-kaɗe. Ya yi salati ya ce, "Mu da kan rufe mutum kafin shayin da ya dafa ya huce."

Mudi ya tarye mu a tasha, siriri ne dogo, idanunsa ja don rashin barci. Ya sa mu a ƙaramar bas ya kai mu Zango, unguwar da Hausawa da sauran Musulmin arewa suka tare tun zamanin fataken goro. Masaukinmu gidan Hajiya Adiza ne, wata dattijuwa mai jiki da murya, mai sayar da abinci a bakin titi, wadda Nafi'u ke haya a gidanta. Tana ganina ta buɗe hannu ta ce, "Kai ne yayan Nafi'u? Sannu! Zo ka zauna, ka gaji." Na waiwaya in ga namijin da take wa magana. Ashe haka Hausarsu take, mace da namiji duk kai ne, duk ya zo ne. Har na baro garin ban saba da a ce mini "kana lafiya" ba.

Ta zubo mana wake da shinkafa ja wur, wai da karan dafi ake dafawa, ga taliya a kai, ga ƙwai, ga wani baƙin yaji mai ƙamshin kifi. Ni na ci sosai. Kawu aka ba shi wani tuwon masara mai tsami a naɗe cikin ganye, ya gutsura ya ajiye ya raɗa mini, "Wanga tuwo ya kwana, kuma ba jiya ba." Hajiya ta nuna masa ɗakin da ta share, inda za a kwantar da Nafi'u a yi masa ɗori, don Mudi ya riga ya gaya mata shirin.

A hanyar asibiti Mudi ya ba mu labarin ranar. Da motar ta buge Nafi'u mutane sun taru, an kira motar asibiti, aka ce duk sun fita. Wani mai tasi ya ɗauke su, jini na zuba a kujerarsa. Asibiti na farko mai gadi ne ma ya leƙo ya ce ba gado. Na biyu suka ɗaure ƙafar suka ce ba su da likitan ƙashi, a yi gaba. Ga cunkoson motoci, mai tasi na danna oda yana kaɗa jan ƙyalle ta taga ba mai matsawa. Sai a na uku aka karɓe shi, shi ma a kan keken marasa lafiya ya kwana biyu kafin gado ya samu.

"Garin nan fa da asibitoci kamar me," in ji Mudi. "Amma ranar da ka zo da jini, sai ka ga kowane da abin da ya rasa."

Ɗakin taimakon gaggawa ya fi kasuwar Dutsin-Ma cika. Gadaje har baranda, wasu a kujera da ledar ƙarin ruwa rataye a ƙusa. Abu ɗaya ya burge ni. A bakin ƙofa akwai nas da ke duba kowa tana ɗaura masa launi a hannu, ja ko ruwan ɗorawa ko kore. Ba wanda ya riga zuwa ake fara gani ba, ba kuma mai babbar riga ba, wanda ya fi kusa da mutuwa ne. Na ga wani mai ƙaton tumbi da zobba yana ta faɗa, nas ɗin ko kallonsa ba ta yi ba.

Da kyar na gane ƙanina. Ya rame, leɓɓansa sun yi fari fat. Yana ganin Kawu ya fashe da kuka kamar yaro, ya ce, "Kawu, ka fitar da ni."

"Abin da ya kawo ni ke nan. Yi shiru."

Likitar da ke dubansa mace ce, ba ta kai ni shekaru ba, gajeriya mai saurin magana. Sunanta Dakta Afua, Kawu ya mayar da shi Afuwa, ya ce suna ne mai kyau. Na gaya mata gaskiya: wannan kawunmu ne, mai ɗori ne, mun zo tafiya da marar lafiyarmu. Na zaci za ta yi faɗa. Sai ta yi ajiyar zuciya ta ce ba za ta ɗaure kowa ba, amma yanzu za a wanke ciwon, tsohon ya tsaya ya gani da idonsa. Ta sa aka ba shi safar hannu. Ya sa ta a karkace, yatsa biyu a rami ɗaya.

Da aka kwance ƙafar sai da na dafa bango. Fata ta buɗe, ga ƙashi fari ana gani, gefen naman ya fara baƙi, ga warin da ya faɗa mini. Kawu ya yi bisimilla ya sunkuya. Ya taɓa tafin ƙafar, ya matsa farcen babban yatsa ya saki yana kallo. Likita ta ɗaga masa hoton ƙashin a hasken taga. Ya daɗe yana dubawa, ya bi layin karayar da yatsa, nan da nan da nan. Sannan ya cire safar ya fita.

Na same shi a gindin wata bishiya a harabar asibitin.

"Kawu, yaya?"

"Zule, wanga ba aikin kara ba ne. Baba ya hore ni tun ina yaro: karayar da ta huda fata ta sha ƙasa, in ka rufe ta ka rufe wuta cikin rumbu. Ga ƙashin ya dagargaje. In na ɗaure ta, kafin mu kai Ikko ta ruɓe." Ya miƙo hannu. "Kira mani Yaya."

Na kira wayar maƙwabcin Inna aka kai mata. Ina jin muryarta daga inda nake tsaye.

"Ni na aike ka ko su?"

"Ke kika aike ni, Yaya. Kin ce in kawo shi da ƙafa biyu. In na fidda shi daga nan, da ɗaya zan kawo shi, ko in kawo maki rigarsa."

"Ashe kai ma sun saye ka."

Ta kashe. A iya sanina Kawu bai taɓa musa wa Inna ba, ita ta goye shi. Ya zauna yana kallon wayar. Can ya miƙe ya kakkaɓe riga ya ce, "Je ki tambayi Afuwa, mi ya hana su yi aikin tun tuni?"

Amsar ita ce jini. Nafi'u ya zubar da yawa, ba za a sa shi barci a yi aiki ba sai da jini a ajiye, ma'ajiyar asibitin kuma kusan wayam take. Ƙa'idarsu dangi su kawo masu bayarwa. Mudi ya riga ya ba da nasa, shi kaɗai. Kawu ya naɗe hannun riga, aka tambayi shekarunsa aka ce ya wuce. Ransa ya ɓaci ƙwarai. "Ni da ke nome gonata da kaina?"

Washegari bayan azahar Kawu ya nemi izinin liman a masallacin Zango ya miƙe. Mudi ya ce bai yi doguwar magana ba. Kawu ya ce musu shi baƙo ne daga ƙasar Katsina, ɗansa na kwance, bai zo roƙon ko sisi ba, abin da ke jijiyarsu yake roƙo, wanda Allah zai mayar musu kafin wata ya zagayo. Sai wani babban mahauci ya ce shi kullum cikin jini yake, bai ga abin tsoro ba. Kafin la'asar mahauta da masu tsire sun cika bas sun nufi asibiti. Nas ta ce ya isa, ba sai na bayar ba. Na yi hamdala a ɓoye, don ni da allura ba ma ga maciji. Aka sa aiki washegari da safe.

Da safen an hana shi abinci, an sa masa rigar tiyata, muna tsaye muna jiran masu tura gado, sai muka ji jiniya da ihu. Wata babbar bas ce ta yi karo da tirela a bayan gari. Aka fara shigo da mutane, a tasi, a bayan akori-kura, wasu a hannu. Ja, ja, ja, nas ɗin bakin ƙofa ta yi ta ɗaurawa. Na ga ma'aikata na gudu, na ga gadaje sun ƙare an koma shimfiɗa kwali a ƙasa, na ji ana kiran safar hannu an ce saura kaɗan. Kawu ya hango wani da hannu a lanƙwashe, ƙafafunsa suka ɗauke shi da kansu, wata nas ta daka masa tsawa ta nuna masa ƙofa. Ya fito ya zauna yana murza tafin hannunsa.

Har yamma ba wanda ya waiwayi Nafi'u. Da na je tambaya aka ce an ɗaga aikin, jinin kuma an yi amfani da shi.

Ban san lokacin da na fara neman likitar ba. Na same ta zaune a kan matakala tana cin gyaɗa daga leda, takalmanta duk jini. Na tuna maganar mai albasa, na buɗe baki. Na ce jininmu ne, mu muka roƙo shi, tsoho ya tsaya gaban jama'a ya zubar da girmansa, da wane dalili za a ba wasu? Na faɗi maganganu da yawa. Ta bar ni na gama.

"Jinin da kuka kawo," in ji ta, "yana jikin wata mai sayar da tumatir da wani ɗalibi. Da na bar maki shi a firji, da yanzu suna ɗakin gawa. Ba zan ba ki haƙuri a kan wannan ba." Ta murje ɓawon gyaɗa ta hure. "Ƙafar ƙaninki za ta jure kwana biyu. Ba za ta jure mako ba. Ke ki nemo jini. Ɗakin tiyata ki bar ni da shi, ko da kokawa zan samo."

Na koma Zango ina tafe ina share hawaye. Mazan da suka bayar ba za su sake ba sai bayan watanni, sauran kuma sun riga sun noƙe tun farko. Na zauna a kan bencin Hajiya Adiza na faɗa mata. Ta ajiye ludayi ta ce, "Kai, ka daina kuka. Mata ba shi da jini ne?"

Da safe ta ja ni makarantar Islamiyyar matan unguwa, ta ce wa malamar a ba baƙo dama ya yi magana. Ni da nake tsayawa gaban aji kullum, na miƙe na roƙe su jini. Tambayoyi suka yi ta zuwa. Wata ta ce an ce mai ba da jini ba ta ƙara haihuwa. Wata ta ce an ce sayarwa suke. Wata ta ce sai ta tambayi maigida. Na amsa iya abin da na sani, abin da ban sani ba na ce ban sani ba. A ƙarshe na ce, "Ni matsoraciya ce, ko allurar zazzaɓi sai an riƙe ni. Ku zo ku ga an fara da ni. In na mutu ku koma gida." Aka yi dariya, kuma dariyar ce ta taso su.

Da ni aka fara. Na rufe ido ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina, har da ta shiga kasuwa. Da aka gama na miƙe da ƙarfina don in nuna musu ba komai, sai na farka a ƙasa Hajiya na yi mini fifita da mayafi tana cewa, "Ya suma ne kawai, bai mutu ba, ku shiga!" Suka shiga. Fiye da rabinsu aka mayar, aka ce su kansu jinin bai ishe su ba, aka rubuta musu magani. Abin da aka samu da kyar ya kai. Amma ya kai.

Dakta Afuwa ta cika alkawari. Yadda ta yi ban sani ba, na dai ji muryarta ta bayan ƙofa tana sa-in-sa da wani. Aka shiga da Nafi'u da hantsi, ba a fito da shi ba sai bayan la'asar. Kawu bai ci ba bai sha ba, carbi kawai.

Da aka turo gadon idona ya tafi ƙarshen zanen. Tudu biyu na gani. Na yaye zanen. An yanke ruɓaɓɓen naman, an huda ƙashin da ƙusoshi, an haɗa su da sandunan ƙarfe ta waje, ciwon a buɗe yadda za a riƙa wankewa. Kawu ya zagaya gadon, ya tsuguna ya leƙa ta ƙasa, ya ƙwanƙwasa ƙarfen da farce.

"Zule, gaya mata wanga ma ai kara ne. Na ƙarfe dai."

Na fassara. Ranar na fara ganin haƙoran likitar. Ta ce haka ne, Baba. Sannan ta ce kada mu yi saurin murna: watanni zai yi da ƙarfen, akwai sauran aiki a gaba, wataƙila ya riƙa ɗingishi, kuma ba inda za shi a mota yanzu.

Mun ƙara mako har zazzaɓin ya sauka ya fara cin abinci yana tsokanar nas-nas. Hajiya ta ce ɗakinsa na nan, Mudi ya ce wurin tsiren ba zai mutu ba. Kawu ya bar wa Hajiya gwangwanin man don ciwon gwiwarta. Muka juyo mu biyu kamar yadda muka tafi.

Ranar da muka taso daga Dutsin-Ma zuwa Kurfi ranar kasuwa ce. Ina kallon babura, mutum uku da akuya, da motocin hatsi da mutane a saman buhu, sai na tuna hatsarin bas ɗin nan na Akra. Can da likitocinsu da manyan gine-ginensu bas ɗaya ta ƙarar da komai. In a nan ne fa? Wa zai ɗauka, ina za a kai, jinin wa za a sa? Yanzu haka na riga na fara yi wa malaman makarantarmu da 'yan acaɓan bakin tasha maganar ba da jini, wasu na dariya, wasu sun je an gwada jininsu. Ba zan gaji ba.

A Tamawa Inna na zaune a ƙofar ɗaki tana tsince wake. Ta dube mu, ta dubi bayanmu, ta ga ba kowa. Kawu ya tsuguna ya gaishe ta, ta yi kamar iska ce ta wuce. Ni ta amsa mini da kai kawai. Na fita bayan gida inda waya ke kamawa, na kira Mudi ta bidiyo, na dawo a guje kafin ta yanke na sa mata a hannu.

Ta ga fuskar Nafi'u. Ta ce, "Nuna mani ƙafar."

Mudi ya juya wayar. Ta ga ƙarafan ta runtse ido, ta sake buɗewa, ta matso da wayar dab da hancinta.

"Taka ce ko ta roba?"

"Tawa ce, Inna."

"Motsa."

A cikin ɗan gilashin nan, can ƙarshen ƙarafan, babban yatsa ya sunkuya a hankali ya ɗago.

Inna ta miƙo mini wayar. Ta ɗauki farantin wakenta ta ci gaba da tsinta, wake na zubewa ƙasa. Kawu na nan tsugune inda yake tun da muka shigo. Sai da ta daɗe, ba tare da ta ɗago ba, ta ce:

"Ɗahiru, ka ci abinci?"